Ranin da Maigida Ya Zauna Jiran Katako

Maigidana kafinta ne, kuma kowace shekara da an gama girbi Kano yake tafiya ci-rani. Shekara ɗaya ce ya zauna a Matameye, saboda wata Hajiya ta Dungu ta ba shi aikin armuwar, wato kabad na sa tufafi. Wadda take da ita ƙofofinta sun karkace tun daminar farko, sai da tsumma take ɗaure su.

Katakon da aka kawo masa ɗanye ne. Ya jera shi a ƙarƙashin rumfa, ya sa 'yan sanduna tsakanin kowane falle don iska ta ratsa, ya danne da duwatsu. Daga nan babu abin yi sai jira, shi kuwa bai iya jira ba. Abokansa duk sun tafi. Da safe ya ɗaga falle ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa, ya mayar. Ya fita tasha ya kalli motocin da ke lodi, ya dawo ya sake ɗagawa. Ni ma ya hana ni sakat, ko daka nake sai in ji takunsa a bayana.

"Maigida, ka yanka shi mana ka huta, mu ma mu huta," na ce masa.

"In na yanka yanzu, damina na zuwa zai murɗe. Bai gama shan iska ba."

Hajiya ta zo da kanta tana faɗa. Ya ba ta haƙuri, ta tafi ba ta ko sha ruwa ba.

Sai da zafi ya kankama ya fara. Kowace ƙofa ya yi mata firam, ya fafe tsagi a ciki, ya zura allo siriri babu gam babu ƙusa, wai don ya samu wurin kumbura da motsewa. Fenti ma ciki da waje ya shafa, har gefen da ido ba ya gani. A amalanke aka kai wa Hajiya armuwar ɗin.

Na ɗauka shi ke nan. Ina! Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ya bar fartanya a gona ya ari babur ya nufi Dungu. Ya dawo da laka har gwiwa.

"Yaya?" na tambaye shi.

"Ƙofar dama lafiya lau. Ta hagu tana ɗan guga, na kankare ta."

"To, sai ka zauna."

Ya zauna, ya ci tuwo, ƙafarsa tana kaɗawa. Hatsi bai ko gama bushewa a gona ba ya fara tambayar ina na ajiye jakarsa. Na ɗauko ta daga ƙarƙashin gado, na ɗinke hannun da ya tsinke, na zuba masa ƙuli-ƙuli da yaji.