Sunayen Masu Ciki da Suka Ɓace

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da yadda sunayen matan nan suka salwanta a hannuna ba.

Shekarar da na gama karatun kwamfuta na dawo Bagudo, wata ungozoma da ke aiki wajen Kaoje ta roƙe ni in haɗa mata manhajar adana bayanai a waya. Rugage take bi tana auna masu ciki, littafinta kuma kullum sai ya jiƙe a kwalekwale. Sati biyu na gama, ina ta ji da kaina. Tana dannawa sai wayar ta rubuta "An adana". Daga ranar ta bar ɗaukar littafi.

Ta yi sati uku a rugagen bakin iyaka. Ranar da ta zauna ware masu hawan jini don a kai su babban asibiti, sai ga kiranta.

"Ɗana, taho ka gani. Ba kowa ciki."

Na buɗe rumbun bayanan, wayam. Na ce sabis ne. Na canja layi, na hau tudu, shiru. Na zargi wayar, na zargi hannunta, Allah ya yafe mini. Sai a kwana na uku na gwada abin da ya kamata in fara da shi: na rubuta suna, na kashe wayar, na kunna. Babu sunan. Ashe manhajar riƙe bayanai kawai take yi na ɗan lokaci, umarnin da zai tabbatar da su a rumbu ban taɓa rubuta shi ba. Duk sanda cajin wayar ya ƙare, sai komai ya goge.

"Ana iya maido su?" in ji ta.

"A'a, Inna."

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna tana lissafo waɗanda ta tuna da yatsu, ta kai shida ta tsaya. Muka hau babur muka koma rugagen, muka tarar sun tashi da shanunsu sun ƙetara Benin, sai toka a murhu.

Bayan wata biyu muka ji wata ta rasu wajen haihuwa a can. Ko tana cikin waɗanda aka rubuta, har yau ban sani ba. Gyaran manhajar kuwa minti goma bai ci ba.

Na koyi cewa gwajin da ka tsallake don ɗoki, ba a kanka yake ƙarewa ba. Wadda ba ta ma san da kai ba ce ke kwana a ciki.