Ƙwayar Dawar da Mama Saratu ta Ciro Daga Kunnena

Shekara takwas ke nan a wannan watan da muka kai Mama Saratu makwancinta a bayan majami'ar ƙauyenmu, kusa da Kagoma. Yayar mahaifina ce, kuma ita kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a ƙaramin ɗakin shan magani da ke bakin hanyar Kafanchan. Na so in rubuta wannan tunawa a natse, amma na kasa. A makon jiya ne malaminmu a makarantar koyon aikin lafiya ya fara danƙa mini fitilar duba kunne. Na leƙa, na ga dodon kunnen mutum da idona, siriri mai sheƙi kamar ɓawon albasa. Tun ranar nake ta murna ni kaɗai, kuma wadda na fi so in ba labarin ba ta nan.

Ina aji shida na firamare lokacin da abin ya faru. An gama girbi, maza na bugun dawa a kan fako, mu kuma muna sheƙa, sai na ji wani abu ya faɗa kunnena na dama. Na girgiza kai, bai fito ba. Ban gaya wa kowa ba, domin ni yarinya ce da ko ƙishirwa nake ji sai na jira an miƙo mini ruwa.

A gidanmu kowace Asabar da yamma Kaka takan jera jikokinta ta share mana kunne da gashin kaza, don kada mu je sujadar Lahadi da datti. A wannan Asabar ta tura gashin, na yi ƙara. Ta ce sanyi ne ya shige ni, ta dafa ganye, ta riƙa ɗiga mini ruwansa mai ɗumi safe da yamma. Kullum ciwon ƙaruwa yake yi. Kafin mako biyu kunnen ya toshe gaba ɗaya, na hagun ma da ƙyar yake kama magana. A aji sai in ga bakin malam yana motsi kawai. Ni da ban taɓa faɗuwa shifta ba, na miƙa takarda rabinta babu komai, ga jarrabawar shiga sakandare saura mako uku.

Mahaifina, Bulus, ba mugu ba ne, amma ba ya jan magana. Da hedimasta ya kira shi, ya dawo ya ce tunda na kurmance, in ajiye littafi in riƙa taya uwata yankan citta. Ya sa aka cire sunana daga masu zana jarrabawa.

A taron zumuntar mata Mama Saratu ta ji labari. Ko gida ba ta koma ba, ta taho kan kekenta da tocila a jaka.

"Bulus, wa ya gaya maka kurma ce? Ka duba?"

"Yaya, me zan duba? Ana kiranta ba ta ji."

"Kai ma ana kiranka ba ka ji tun kana yaro, ba a cire ka daga makaranta ba. Rahila, zo nan."

Ta zaunar da ni a kan turmi, ta ja kunnen sama da baya, ta haska. Ta daɗe tana kallo, sai ta fashe da dariya har tocilar na rawa. Ta juya ga Kaka, wadda ita ma uwarta ce.

"Mama, sannu da noma! Kin shuka dawa, kina ta ban ruwa safe da yamma. Da kin ƙara mako ɗaya sai mu kira Bulus girbi na biyu."

"Ke Saratu, da wannan ganyen na raine ki!"

"Shi ya sa nake ihu in ina magana."

Washegari ta kai ni ɗakin shan maganin. Ta tafasa wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa a baki, ta sa aka riƙe mini kai, ta lallaɓa ta bayan abin ta jawo shi a hankali. Ƙwayar dawa ce, ta sha ruwa ta kumbura har ta tsage. Na hagun kuwa dauɗa ce gashin kaza ya yi shekaru yana cusawa ciki. Ta sa ana ɗiga masa mai har kwana uku, sannan ta wanke shi da sirinji da ruwa mai ɗumi. Har yau ina tuna lokacin da ya buɗe. Na ji ƙarar babur a titi kamar a cikin ɗaki, na ji kukan ƙofa, na ji takalmina a kan siminti. Na yi ta tafiya ina dawowa don kawai in ji shi. Ita da kanta ta je wurin hedimasta aka mayar da sunana, na zana jarrabawar, na ci.

Daga nan kullum bayan makaranta ina wurinta, ina rubuta abin da take faɗa wa marasa lafiya a bayan littafin lissafina. Ta ce ciwon kunne ba iri ɗaya ba ne. Wani mura ce ta haura, yaro ya yi zazzaɓi, kunne ya fara zubar da mugunya; wannan ba a zuba masa ruwa, a goge na waje da tsumma mai tsabta a zo a karɓi magani. Wani wankan rafi ne. In ƙwaro ne ya shiga, ɗigon mai zai kashe shi, muddin dodon kunnen bai huje ba. In ƙwayar hatsi ce ko wake, ruwa kumbura ta yake yi. Wani dattijo makiyayi ya zo daga Zangon Kataf yana riƙe da kunne, ta haska ba ta ga komai ba, ta ce ya buɗe baki, ashe haƙori ne.

Da yanzu za ta zagaya kasuwar Kafanchan, ban san ko dariya za ta yi ko faɗa ba. Gashin kaza ya ragu, amma tsinke mai auduga ya cika kowane kemis, kuma aikin cusawar ɗaya ne. Ana sayar wa mutum maganin ɗigawa ba tare da an leƙa kunnensa ba. Samari sun toshe kunnuwa da na'urar jin kaset har ba sa jin odar mota. Amma na tabbata da ta ga kayan aikin da muke koyo da su, sai ta leƙa kunnen kowa a ajinmu, har da malam.

Ba ta bar gida ko gona ba. Ɗakin shan maganin ma an rufe shi bayan rasuwarta, rufinsa ya zube. Nakan tambayi kaina abin da ya saura nata, kuma ban samu amsar da ta gamsar da ni ba sai ranar Laraba da ta wuce. Ina fitowa daga aji na ga mahaifina a bakin ƙofar makaranta, ya goyo wata maƙwabciyarmu Bafulatana da jaririyarta mai jan kunne tana kuka. Tun daga ƙauye ya kawo su a babur.

Na ce, "Baba, ni fa ɗaliba ce, sai dai in kai su wurin malam."

Ya ce, "To kai su mana, likita. Ki gaya masa ban bari kowa ya zuba komai ba. Har kakarki na hana."

Na karɓi jaririyar muka shiga, shi kuwa ya tsaya yana gaya wa maigadi cewa 'yarsa ce waccan.