Bawa da Marayun Khairiyya

Bawa ya shekara ashirin da shida yana tuƙa kwalekwale a mashigin da ke gabas da ƙauyensu, a ƙasar Kalgo. Mutum ne gajere, mai faɗin ƙirji, ba ya son yawan magana. Shi da matarsa Jidda sun haifi 'ya'ya mata huɗu, duk sun yi aure sun bar gida.

A shekarar da ambaliya ta cinye fadama, 'yar shinkafar da ta tsira tana can tsallaken gulbi, kuma mata daga ƙauyuka masu nisa suka riƙa zuwa ƙwadagon yanka. Wata safiyar Talata Bawa ya ɗauki mutum goma sha tara a jirgin da ya san goma sha biyu ne ƙarfinsa. Matan ne suka yi ta roƙonsa kada rana ta yi musu, shi kuwa bai ce a'a ba. A tsakiyar ruwa jirgin ya daki kututturen da ambaliya ta rufe, ya kife. Bawa ya fid da mutum biyar da hannunsa. Bakwai suka rasu, sauran suka fita da kansu.

Da la'asar, bayan an gama jana'iza, aka lura da yara uku zaune ƙarƙashin giginya a bakin mashigi, ba wanda ya zo ɗaukarsu. Babbar, Mubaraka, shekararta tara, tana goye da jariri mai suna Muzzammil, ga ƙanwarta Ummulkhairi 'yar shekara huɗu tana riƙe da zanenta. Uwarsu Khairiyya, wata bazawara daga Maruda, ta ce su jira ta nan. Tana cikin bakwai ɗin.

Bawa ya kai su gidansa. Bayan sadakar uku ya hau mota da su zuwa Maruda, wurin ƙanen mahaifinsu, Lawal. Lawal ya yi kuka sosai, sannan ya nuna masa rumbunsa, babu komai ciki sai ƙaiƙayi.

"Ɗiya goma sha ɗaya gare ni," in ji Lawal. "Babbar zan iya riƙewa, tana iya daka da ɗibar ruwa. Ƙananan ga, wallahi in na karɓe su yunwa za ta kashe su."

"A da ba a raba marayu," in ji Bawa.

"A da akwai hatsi, Malam Bawa."

Aka kwance Muzzammil daga bayan yayarsa tana ihu. Bawa ya dawo Kalgo da yara biyu. Ya sayar da jirgin ya sayi akuya mai shayarwa, Jidda ta riƙa dafa nonon tana ba jaririn da cokali. Bai sake hawa ruwa ba. Ya koma dakon buhunan shinkafa a kasuwa, yana da shekara hamsin da bakwai.

Garin bai yaba masa ba. Waɗanda suka rasa mata da 'yan'uwa suka daina amsa gaisuwarsa. Da ƙyanda ta shigo unguwar ta ɗauke Muzzammil yana da shekara ɗaya da rabi, mutum shida kaɗai suka tsaya sallar gawa. A hanyar dawowa daga maƙabarta Bawa ya ji wata mata a bayan danga tana cewa, "Ya ci uwar, ya ci ɗan."

Ummulkhairi ta tashi tana kiransa Baba. Shi ya sa ta makarantar boko da ta allo, shi yake kai ta ɗaukar magani in zazzaɓi ya kama ta. Tana da shekara takwas ta dawo daga rijiya ba ruwa a bokitin, ta tsaya a gabansa.

"Baba, wai kai ka nutsar da innarmu?"

Jidda ta fara cewa ƙaddara ce, Bawa ya ɗaga mata hannu.

"Ni na cika jirgin," ya ce. "Na san ya yi nauyi, na tuƙa."

Yarinyar ta shiga ɗaki. Ta yi kusan wata ba ta haɗa ido da shi ba, amma ba ta daina kawo masa tuwo ba.

Bara Jidda ta rasu da ciwon ƙoda. Wata uku bayan haka hawan jini ya kayar da Bawa a kasuwa da buhu a kansa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. 'Ya'yansa mata suna gidajen mazansu, ba mai wurin ƙarin baki. Aka aika wa Lawal ya zo ya ɗauki Ummulkhairi, ya ce Mubaraka ma ya tura ta aikatau Sakkwato. Mai unguwa ya kira wata ma'aikaciyar gidan marayu daga Birnin Kebbi, Malama Halima Sadiya. Ta zo ta ga Ummulkhairi tana wanke wa tsohon kayan da ya ɓata, ta ce yarinyar za ta samu gado da abinci sau uku da makaranta.

"Wa zai juya shi in na tafi?" in ji Ummulkhairi.

Bawa ya yi magana da karkataccen bakinsa, sai da ya maimaita sau uku aka gane. "Ki tafi."

Ya dangwala yatsan hagu a takarda, aka tafi da Ummulkhairi. Yanzu yana kwance a zauren wani ƙanensa. Sau ɗaya aka kawo masa ita, da babbar salla, ta yini tana kore masa ƙuda, motar gidan marayun ta koma da ita kafin magariba.