Addu'ar da Ta Toshe Kunnen Na'urar Baba

Shekarun baya, lokacin da mahaifina yake jan minicab, wato tasi, a unguwar Plumstead a nan ƙasar Turawa, akwai wata 'yar na'ura da yake liƙawa a gilashin gaban motarsa. Girmanta bai wuce na sabulun wanka ba. Aikinta shi ne ta jiyo radar ɗin da ake auna gudun mota da ita, ta yi ƙara tun daga nesa domin direba ya sassauta. Baba ya raɗa mata suna Magulmaciya, kuma yana ji da ita fiye da yadda yake ji da wasu cikin 'ya'yansa. Ban dai ce ni ba.

Ta daɗe tana yi masa aiki, sai tsufa ya cim mata. Idan muka wuce ƙofar babban kanti, irin mai buɗe kanta, sai ta tsananta ihu kamar an taka mata ƙafa. Daga baya ma ta daina wannan, ta koma yin gum ko'ina. Baba kuwa ya ɗauka shirunta alamar hanya lafiya ce. Kafin mu ankara an tara masa maki tara na laifin gudu a lasisi, kuma a nan idan suka kai goma sha biyu sai dai mutum ya ajiye makulli. Kuskure ɗaya ya rage masa, ga shi motar nan ita ce abincin gidanmu.

Mahaifiyata ta ce, "Alhaji, ka jefar da abar nan, ta ci amanarka."

Baba ya ce, "Ciwo take yi. Ke idan na tsufa jefar da ni za ki yi?"

Ni ce na shiga bincike a waya, na gano ashe akwai masu duba irin waɗannan na'urori, su gyara musu saiti idan sun tsufa. Na sauko daga sama da gudu har ina tuntuɓe. "Baba, ana yi musu service! Har na yi booking ranar Asabar." Baba ya yi dariya. Rabon da in ga dariyarsa tun kafin maganar makin nan. Ni kuma na shiga taƙama a gidan, sai ka ce ni na ƙera na'urar.

Shagon yana wani lungu a bayan Old Kent Road, jikin wani tsohon sito da aka mayar coci. Ana ta gwajin ganguna a can, mu kuma muna nan gaban mai gyara, wani dattijo mutumin Ghana mai yawan raha. Da ya ji muna Hausa sai ya saki Turancin.

"Alhaji, na'ura nan ya tsufa, amma bai mutu ba," in ji shi. "Shekara nawa yana shan rana a gilashi, yana shan sanyi a winter? Dole kunne ya kauce."

Ya yi mana bayani dalla-dalla. Zafi da sanyi da jijjigar mota suna sa saitin ciki ya goce a hankali, har na'urar ta koma sauraron inda ba a magana. Ya nuna mana wani akwati da aka lulluɓe cikinsa da soso mai tsini-tsini. A ciki ake sa ta, a aika mata sigina wanda aka san ƙarfinsa, a ga ko za ta ji. Na matsa kusa har ina neman tura kaina cikin akwatin don zumuɗi.

Ya ɗauko Magulmaciya zai sa ta, sai ya tsaya. A goshinta, ɓangaren da ke kallon titi, akwai wata sitika mai walƙiya kamar takardar alewa, an rubuta addu'ar tafiya da Larabci.

"Wane ne ya liƙa wannan?"

Baba ya ce, "Hajiya ce, uwar yarinyar nan, ta zo da ita daga Kano. Ta ce a sa a gaba, ta riga mu ganin hanya."

Mai gyara ya yi dariya har yana dafa tebur. Ya ce bayan sitikar ƙarfe-ƙarfe ne, kuma daidai nan ne sigina yake shiga. Wato tsohuwa ce mai ciwon kunne, muka zo muka ƙara mata da toshewa.

Baba ya ɓata fuska. "To yanzu addu'a za a cire daga motata? Ina da maki tara?"

"Ba cirewa ba, Alhaji. Ƙaura zai yi."

Ya wanke hannunsa, ya hura wa sitikar iska mai ɗumi, ya ɓamɓaro ta a hankali ba tare da ko harafi ɗaya ya yage ba, ya manna ta a saman na'urar. Sannan ya buɗe cikinta, ya canja wasu ƙananan abubuwa da suka kumbura, ya sa sabuwar waya, ya sabunta mata taswirar kyamarori. Ya mayar da ita akwati, yana aika sigina yana murɗa saiti, har ta amsa da wata ƙara mai kaifi. Na yi tsalle na tafa, a gaban mutane, da girmana.

Kafin mu fita ya riƙe hannun Baba. "Gaskiya ɗaya, Alhaji. Kyamara da yawa yanzu ba shi da radar, number plate yake karantawa. Na'ura zai taimaka, amma ƙafanka ne zai riƙe lasisi."

A hanyar gida muka bi ta wani titin makaranta a Catford, inda akwai allon nan mai auna gudu, wanda ke nuna fuskar murmushi idan kana tafiya daidai. Tun ba mu hango shi ba Magulmaciya ta fara kira. Ni da Baba muka kwashe da shewa. Allo ya yi mana murmushi, Baba ya ɗaga masa hannu. Muka zagaya muka sake bi, muka kuma sakewa, har wata tsohuwa a tashar bas ta fara bin mu da kallo.

Da muka ba mahaifiyata labari, cewa ta yi, "Ai addu'ar ce ta kai ku wurin mai gyaran." Babu wanda ya yi mata musu.

Maganar dattijon nan ta shiga Baba sosai. Ya koma tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, fasinjoji na ƙorafi yana ba su haƙuri. Makin suka zube da lokacinsu, bai ƙara ko ɗaya ba har ya ajiye aiki don kansa. Abin da na koya shi ne, abin da ya daɗe yana kare ka shi ma yana bukatar a duba lafiyarsa, kuma shirunsa ba kullum yake nufin lafiya ba.

Yanzu Magulmaciya tana motata, addu'arta a ka, ina kai ta a duba ta a kai a kai. Sai dai duk ranar da na ɗauki Baba ba ta samun aikin yi. Kafin ta buɗe baki ya riga ta: "Ke, gudun ashirin ne a nan. Ɗaga ƙafarki."