Ciwon Bayan da Ya Hana Ni Goya 'Yata

Assalamu alaikum. Kun ji ni shiru tun da jikata ta buɗe min shafin nan. Jiya wata matashiyar ma'aikaciyar jinya ta zo gaishe ni a unguwarmu Ladjifarani, na ga sai da ta dafe ƙugu kafin ta zauna. Na kasa haƙura.

Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da ake kiran kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti wajen Sérou, ƙasar Djougou. Ɗaga majinyata, sunkuyo kan gadon haihuwa, hawa ɗan babur mobilet kan jar hanya zuwa rigakafi.

Da tsami a ƙugu ya fara. Na haɗiyi ƙwaya na ci gaba.

Wata ranar kasuwa aka kawo mai naƙuda a amalanke. Na sunkuya na ciccibe ta ni kaɗai, sai na ji kamar an soka min ƙarfe mai zafi. Ita ta sauka lafiya. Ni na kasa miƙewa.

Daga nan zama ya gagara, kwanciya ta gagara. In jingina da bango, in zagaya tsakar gida, in dawo. Salla a kan kujera. 'Yata Balki tana kan nono, tana miƙo hannu in goya ta, ni sai ido. Surukata ta ce, "Bar kuka, Rabi. Bayana yana nan har naki ya warke."

A durƙushe na yi tafiyar Parakou cikin taksi, rungume da kujerar gaba.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ɗaga ƙafata ya ce, "Kamarad, kina jin yatsunki? Kina riƙe fitsari?" Na ce e. Shanyewar ƙafa nake tsoro.

Ya ce, "Ƙashi lafiya. Naman bayan ne ya ɗaure."

Ya tura ni wajen Madam Bona, mai motsa gaɓoɓin yaran da shan-inna ya taɓa. Na zaci tausa za ta yi min. Tabarma ta nuna min. In kwanta rigingine, in jawo gwiwa zuwa ƙirji ina numfashi. In karkata gwiwoyi dama da hagu. In yi rarrafe, in gantsare, in ƙudundune, a hankali.

Na yi 'yan kwanaki ban ga canji ba, na watsar. Na koma aiki, ciwon ya sake kayar da ni. Maigida ya ce, "Ke da kike yi wa mutane faɗa su ƙarasa magani?"

Na koma kan tabarma, safe da yamma, ina yi ina tsaki. Sai da damina ta wuce goshina ya taɓa ƙasa a salla. Da na iya goyo, Balki ta riga ta fara gudu, ba ta ma so.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan surukata da maigida, ya saka wa Madam Bona da alheri.

'Ya'yana masu jinya: kada ku ɗaga majinyaci ku kaɗai, ku kira wani. Ku lanƙwasa gwiwa, ba ƙugu ba. Ku miƙe jiki kafin aiki da bayansa, ko ba ciwo. In ƙafa ta yi sanyi ko fitsari ya kufce, ku je wajen likita a ranar.

Har yau in na daɗe a zaune yana tuna min. Rubutun nan ma a tsaye na ƙarasa shi.