Rimot Ɗin da Na Sayo a Bolari

Da aka zo rabon gadon maigidana, talabijin da risiba da sifikokin falo suka faɗo cikin tumunina, wato kasona na matar mamaci. 'Ya'yanmu duk mata ne, kowace tana gidan aurenta, don haka ƙanensa, Bappan yara, ya samu kaso. Cikin kasonsa har da kujerar da marigayi yake zama, mai aljihu a gefe. Masu rabo sun ƙiyasta komai har tsintsiya, amma babu wanda ya tuna ya sa hannu cikin aljihun nan. Haka aka ɗora kujera a akori-kura ta tafi ƙauye da rimot ɗin talabijin da na risiba a cikinta.

Na buga wa Bappa waya. Ya ce in yi haƙuri, jikoki sun mai da su wayar wasa, ɗaya ma ya faɗa rijiya. Na ce ba komai, alhali akwai komai. Talabijin ɗin irin ta zamani ce, na shafa jikinta gaba da baya ban ga wurin dannawa ba. Ga ni cikin takaba, ba halin fita, kuma kunya ba ta bar ni in ce wa kowa matar mamaci tana neman abin kallo ba. Ni ma ba kallon ne ya dame ni ba. Shirun gidan nan na Federal Low-Cost ne ya ishe ni. Da 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, har motsin firji nakan tsaya in saurara. Kaɗaici ya ci ni, ba zan ɓoye ba.

Washegarin fita takabata na hau keke-napep zuwa unguwar Bolari, shagon wani mai gyaran kayan wuta. Na ce masa ban san lambar talabijin ba, ban san ta risiba ba, baƙaƙe ne dai duka. Ya yi murmushi ya miƙo mini wani dogon rimot.

"Hajiya, wannan ba ya zaɓen gida, kowace irin talabijin yana kamawa," in ji shi. "Ki saita shi gabanta, ki danne wannan maɓallin, kada ki saki sai ta kunnu. Sannan ki yi wa risiba haka."

"In ta ƙi fa, ɗana?"

"Ki sake. Haƙuri kawai yake so."

Haƙuri kuwa ai shi muka fi arziki da shi a watannin nan.

Sai bayan la'asar aka kawo wuta. Na zauna a tabarma inda kujerarsa take a da, na miƙe hannu na danne. Duk zamanmu ban taɓa riƙe rimot a falon nan ba, kayan maigida ne, kamar hularsa. 'Yar jar fitilar rimot ɗin tana ta ƙyaftawa, talabijin ta yi biris da ni. Hannuna ya gaji, na tallafe shi da ɗayan, na sake dannewa. Can sai fuskarta ta yi haske. Risiba ba ta ba ni wahala ba.

Ashe kayan nan ba sa mantuwa. Suka buɗe daidai inda ya bar su, tashar labaransa, da ƙara irin tasa ta mutumin da kunnensa ya yi nauyi amma bai taɓa yarda ba. Tagogi har suna rawa. Ban san sa'ad da bakina ya riga ni ba.

"Haba Malam, ka rage mana, maƙwabta fa!"

Na jira ya ce mini kamar kullum, ai ba ƙara ba ce, kunnena ne ya cika ji. Mai karanta labarai ya ci gaba da maganarsa. Na duba, rimot yana hannuna, babban yatsana a kan maɓallin ragewa. Na ajiye shi a tabarma ban danna ba, na tashi na ɗora tukunyar tuwon mutum ɗaya.