Ranar da Nomau Ya Waiwaya

Kakata Hassi ba ta iya ba da tatsuniya cikin daɗin rai ba. Sauran tsofaffin ƙauyenmu, can yamma da Bukkuyum, in an gama girbi sukan tara jikoki su yi ta ba su labarin kura da zomo har barci ya kwashe su. Ita ma takan yi, amma rabi da rabi, tana yi tana faɗa da wuta. Mukan zauna a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i, an hura karan dawa, gyaɗa na gasuwa cikin toka, ita kuma tana zungurar itace kamar shi ya yi mata laifi. Kakanmu, Baba Tsoho, yana gefe a kan buzunsa da rediyo. Ya zauna kusa yadda zai ji komai, ya kuma ɗan ja nesa yadda zai ce bai ji ba.

Akwai labari guda da ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya. Sai dai ta kakkaɓe zani ta ce, "Ku matso. Wanga ba na dabbobi ba na, na mazan garin ga na." Da mun ji haka mun san na Nomau ne, ƙanenta, wanda ta raina bayan rasuwar innarsu. Ba mu taɓa ganinsa ba, alhali yana nan da ransa a Gummi.

Lokacin Turawa sun fara shirin tafiya, aka ce talakawa ma za su sa baki a zaɓen 'yan majalisa. A karkara irin tamu ba a kawo akwati ba tukuna. Kowane gari zai fitar da wakili, wakilai su haɗu su zaɓi na gaba, haka har a kai ga wanda zai zauna a Kaduna. Masu neman wakilcin gari su tsaya a fili, magidanta su jeru a bayan wanda suke so, a ƙirga. Mata ba sa ciki.

Hakimi ya riga ya tsayar da ɗan ƙanensa. Nomau kuwa tela ne, saurayi mai baki, ya ɗan zauna Gusau ya jiyo maganganu. Abin da ya ishi mutane a lokacin shi ne aikin hanya. Ana tsakiyar noma sai a kwashe maza su tafi fasa dutse, kafin su dawo ciyawa ta shanye gero.

"Shi yac ce shina so?" in ji Kaka, tana nuna mu da tsinken wuta. "Bai ce ba. Su sunka zo. Nan inda kuke zamne sunka cinye mani tuwo, suna Nomau kai ka iya magana, Nomau kai ba ka da tsoro, tsaya muna bayanka. Har da wancan mai rediyon."

Nan sai Baba Tsoho ya ƙara muryar rediyo.

Ranar zaɓe aka taru a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Bature na zaune a kujera, malaminsa na tsaye. Aka ce masu nema su fuskanci gabas, kada wanda ya waiwaya sai an gama ƙirga, wai don kada a zaɓi mutum saboda kunyar ido. Kaka ta hau tsani ta leƙa ta kan rumbu, da babana goye a bayanta. Ta ce duk rumbun da ke unguwar akwai kan mace a kansa, kuma da za a tambaye su, duk na Nomau ne, don su ke kwana da yunwar yara in an kwashe maza.

Dogarin hakimi bai daki kowa ba. Ya dai tsaya a bakin fili yana gaida duk wanda ya shigo da sunansa. Sannu Malam wane, ya gonar fadama? Sannu wane, an yi wa yaron nan naka afuwa kuwa? Shi ke nan abin da ya yi. Ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka ci tuwon Kaka suka sunkuyar da kai suka bi dogon layi, na ɗan ƙanen hakimi.

"Ina ganin wancan da idona," ta ce. "Ya miƙo sosai wajen Nomau, har nic ce alhamdu lillahi. Sai yad duƙa wai shina gyaran takalmi. Da yat tashi, ƙahwahunai sun sake hanya."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Nomau bai sani ba. Wuraren tsayuwar kusa suke da juna. Yana jin takun mutane da tarinsu a baya, ya ɗauka nasa ne. Yana tsaye cikin sabuwar rigar da ya ɗinka da hannunsa, ya buɗe ƙirji, har murmushi yake yi wa Baturen. Da malamin ya ce to, a juyo, ya juyo da murmushin nan a fuskarsa. Babu kowa. Wani daga cikin dogon layin ya yi dariya.

"Na buɗe baki in ce ga ni, Nomau, ga ni nan," in ji Kaka. "Muryata ba ta kai ba. Ko ta kai, wa ka ƙirga ni?"

Kafin asuba ya ɗaure kekensa na ɗinki a kan jaki ya nufi Gummi. Daga baya ta bi shi a ƙafa don ta dawo da shi. Ya ce mata, "Yaya, ki yi haƙuri. Ba ni iya tahiya cikin garin can mutane na bayana." Mutanen Gummi sun ce ko a masallaci sahun ƙarshe yake nema, ya jingina da bango.

Sau ɗaya tak na ji Baba Tsoho ya tanka. Ya kashe rediyon ya ce, "Hassi, fadamar da muka ci ta gidan hakimi ta. In na tsaya, mi za ki ba ɗiyan?"

Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi. "Da ka hwaɗa mai tun da dare. Da ka ce Nomau, ni ba ni iyawa. Tsoro ba laihi ba na, Malam, kowa na da shi. Amma kun tura yaro gaba kunka zame, kunka bar shi shina murmushi."

Gyaɗarmu ta ƙone a daren, babu wanda ya tuna da ita.

Ina makarantar horon malamai Nomau ya rasu. Tsofaffin garinmu da suka rage suka cika mota zuwa Gummi, har da Baba Tsoho da sandarsa. Aka yi masa salla, Kaka tana cikin gida tare da mata. Da muka dawo ta zauna a bakin wuta, ba ta ko cire mayafi ba.

"Yau sun tsaya bayanshi," ta ce. "Sahu-sahu, ba wanda yad duƙa gyaran takalmi. Yau da ba shi iya waiwayawa." Sannan ta ƙara da cewa, "Ni yau ma ina cikin gida. Wanga na yarda, addini na. Wancan na farko, na ranar zaɓe hwa, wa yaƙ ƙago shi?"

Daga ranar ba ta sake ba mu labarin ba.

Da ina yarinya na ɗauka labarin matsorata ne, har na riƙa ƙin kai wa Baba Tsoho ruwan alwala. Yanzu ina da 'ya'ya, na san abin da ake nufi da a ƙwace wa mutum gona, kuma na daina ganin baƙinsa a kan tsoron. Haushin dai bai tafi ba, wuri ya sake. Har gobe irin mutanen nan suna nan, maza da mata. In rijiyar unguwa ta lalace, ko aka ƙi turo malamai makarantarmu, sai a cika mani tsakar gida a sha mani kunu. Malama ke kin iya magana, Malama ke ba ki da tsoro, je ki same su a ƙaramar hukuma, wallahi muna bayanki. Da na ji kalmar nan sai jinina ya hau.

Nakan ce musu ba na son kowa a bayana. Wanda ke tare da ni ya zo nan gefena inda zan riƙa ganinsa, wanda ba zai iya ba ya faɗa mani yanzu, ba zan riƙe shi ba. Yawanci daga nan ne ake fara neman takalma.